Daga Ƙofar Doka: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Zuwa ga Edita, da dukan 'yan'uwa masu karatun wannan shafi. Ina roƙo a sake ba ni ɗan filin nan da aka saba ba ni, gama wata takarda ta zo hannuna wadda bai kamata a bar ta ta kwana ba amsa ba.

Wani malamin makaranta ne ya rubuto, ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, na kuwa yarda. Ya ce shekararsa 24 yana riƙe da alli. Yanzu ga shi yana jin ana maganar wata dabara, wai a zaɓo samari masu ilmi mai zurfi, a yi musu horon shugabanci, sa'an nan a zuba su cikin ofisoshin da ke riƙe da makarantun birane, su riƙa tsara kuɗi, da rarraba malamai, da lissafin yara. Ya ce, “Malam, ashe yaron da na koya wa baƙi da wasali shi ne zai dawo ya gaya mini yadda ake riƙon makaranta?” Ya nemi in faɗi ra'ayina tsakanina da Allah.

To, Malam, na yi kwana uku ina juya maganarka. Ran nan da azahar na tsaya a bakin Ƙofar Doka lokacin tashin makaranta, ina duban 'yan Alhudahuda suna fitowa, waɗansu sun nufi cikin birni, waɗansu sun nufi Tudun Wada. Sai na ce a raina, ai maganar nan ta waɗannan yara ce kafin ta zama tawa ko taka. In an yi daidai su ne da riba, in an kuskure su ne da hasara, shekarar da yaro ya ɓata a aji kuwa ba ta dawowa. Saboda haka zan ba ka amsa ba tare da na bi son zuciyarka ko na samarin ba.

Abin da zan fara gaya maka shi ne, dabarar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Makarantar nan ta Ƙofar Doka an kafa ta tun 1910, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, daga baya ta zama Midil, kana ta zama sakandare. Su wa suka riƙe Midil-Midil ɗin Arewa? Samari ne da aka zaɓo daga larduna, aka kai su Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka hore su, aka mayar da su garuruwansu. Kwalejin nan ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971. Haka kuma a Kongo, nan kusa da mu, an buɗe makarantar akawuna bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1954 ta zama makarantar koyon aikin mulki, a 1962 ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Watau dai zaɓen yaro mai ƙwazo, a hore shi, a ɗora shi bisa aiki, abu ne da Zariya ta daɗe da saninsa. Kai kanka, Malam, in ka bi salsalar malamanka, za ka tarar da haka aka yi su.

Amma a duba yadda aka ɗora su. Ga Malam Kashim Ibrahim na Barno. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1925, ya fita a 1929, aka sa shi aji a Yerwa. Sai da ya shekara huɗu yana koyarwa kana a 1933 aka ba shi aikin zagayawa duba makarantun lardi. Ya daɗe bisa wannan aiki, daga ƙauye zuwa ƙauye, kafin ya zama Minista a 1952, ya zama Wazirin Barno a 1956, ya zama Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Ga kuma Malam Abubakar Tafawa Balewa. Ya fita Kwaleji a 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, sai a 1945 aka aika da shi Ingila ƙaro ilmin koyarwa, da ya komo aka sa shi bisa makarantun En'e. Shekara 12 ke nan yana shaƙar ƙurar alli kafin a ba shi ofis. Duk ranar da irin waɗannan mutane suka ce wa malami “yi kaza”, malamin ya san mai maganar ya taɓa tsayawa inda yake tsaye.

Wannan suna na Kashim Ibrahim shi ne Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗauka a 2018, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta sa wa wani shiri na horon shugabanci. Aka zaɓo samari da 'yan mata 'yan kaɗan daga ko'ina cikin Nijeriya, masu shekara 25 zuwa 35, aka riƙe su shekara ɗaya, aka rarraba su cikin ma'aikatun gwamnati su yi aiki kusa da manya, ana kuma haɗa musu da karatu. Ina tsammani irin wannan ne ya sa maganar da Malam ya ji take yawo, cewa me zai hana a yi wa makarantu haka. Ni a wurina sunan da aka zaɓa ya dace ƙwarai, in dai za a ɗauki hanyar mai sunan tare da sunan.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, shin ofisoshin ilmi suna bukatar irin waɗannan samari? Malam, ka yi haƙuri, amsar ita ce i, lalle suna bukata. Riƙon makarantun birni aiki ne dabam da riƙon aji. Malami yana da yaransa a gabansa, ya san mai ƙoƙari, ya san rago. Amma wanda ke zaune a ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, ko a Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha, dole ya san yara nawa za su isa shiga aji ɗaya baɗi a Kwarbai da Limancin Kona da Tudun Jukun, ɗakuna nawa ke akwai, benci nawa, malamai nawa za su yi ritaya, wa zai maye gurbinsu, kuma daga wane aljihu za a biya. Wannan aikin lissafi ne da tsari, ba kuwa kowane gwanin koyarwa ya iya shi ba, kamar yadda ba kowane gwanin noma ya iya riƙon rumbun gari ba.

Mun ga abin da ƙarancin lissafi ya jawo. A watan Satumba na 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira U.P.E. An yi shirin karɓar yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun zo. Ɗakuna suka kasa, malamai suka kasa, aka koma gindin itatuwa, aka ɗauki waɗanda ba su gama koyo ba aka ba su alli. Niyya kyakkyawa ce, amma raunin da aka yi a lokacin ya daɗe bai warke ba. Haka nan a 2017 aka yi wa malaman firamare na Jihar Kaduna jarrabawa, gwamnati ta ce daga cikin wajen 33,000 mutum 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. Ba zan tayar da gardamar wannan hukunci yau ba, an yi ta da yawa a lokacinta. Tambayata ɗaya ce. Waɗannan malamai ba daga sama suka faɗo cikin azuzuwa ba. Wani ne ya ɗauke su, wani ya sa hannu a takardarsu, wani ya riƙa zuwa dubawa yana rubuta cewa lafiya lau. In aji ya lalace shekara da shekaru ba a sani ba, to a nemi ciwon a ofis ma. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a wani gari da na taɓa koyarwa. Aka aiko mana da wani saurayi ofishin ilmi, mai natsuwa, gwanin lissafi. Da farko mun raina shi, muna ce masa ɗan takarda. Shi kuwa bai zauna a kujera ba. Ya hau babur ya bi makarantun garin ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga yara da kansa, yana gwada abin da ya gani da abin da ke cikin rajista. Sai ya gano abin da dukanmu muka sani amma ba mai faɗa: makarantun bakin titi malamai sun yi musu yawa har ana zaman hira a inuwa, na cikin lungu kuwa malami ɗaya yana riƙe da aji biyu. Dalili kuwa, duk mai uwa a gindin murhu an ajiye shi kusa da gida. Saurayin nan ya rubuta sabon rabo, aka yi ta ƙorafi, amma aka bi. Cikin wata shida yaran lungu suka fara karatu. Na ga wata tsohuwa ta zo har makaranta tana sa albarka, don jikanta ya karanta mata wasiƙa.

Amma ku ji ƙarshen labarin. Shekara na cika wa'adinsa ya ƙare, ya tafi, aka yi masa walima. Bai bar wa kowa yadda ya yi lissafinsa ba, ba a kuma sa kowa ya koya daga gare shi ba. Kafin damina ta zagayo duk waɗanda aka kai lungu sun koma bakin titi, kowa da takardarsa mai hatimi. Shi ya tafi da yabo cikin takardar shaidarsa, yaran lungu suka koma gidan jiya. Tun daga ran nan na gane amfanin irin waɗannan samari, na kuma gane inda dabarar take yoyo.

Ba mu kaɗai muka gwada ba. A Amurka wani attajiri mai suna Eli Broad ya kafa shiri a 2003, ana ɗauko masu ilmin kasuwanci da shari'a da tsarin mulki, a sa su aikin shekara biyu cikin ofisoshin makarantun manyan birane, ana biyansu albashi, ana kuma ci gaba da horonsu. A 2019 aka ba da sanarwar mayar da cibiyar shirin Jami'ar Yale. Waɗansu sun yaba, sun ce an gyara lissafin kuɗi da ɗaukar ma'aikata. Waɗansu malamai da iyaye kuwa sun yi kuka, sun ce ana riƙon makaranta kamar kanti. A birnin Niyok ma an taɓa ɗauko wata shugabar kamfanin mujallu, Cathie Black, wadda ba ta taɓa aikin makaranta ba, aka ɗora ta bisa makarantun birnin duka. Ta kama aiki a Janairu na 2011, ta sauka a Afrilu. Matar nan ba ta rasa basira ba, garin ne ba ta sani ba, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Saboda haka ga ra'ayina, in masu iko za su saurara. A kawo samarin, amma bisa sharuɗɗa huɗu.

Na farko, kada a ba kowa tebur sai ya riƙe aji. Ko da zango biyu ne, a sa shi a makarantar cikin birni, ya yi kiran suna da safe, ya ga yadda aji yake ranar da aka kwana ana ruwa, ya san dalilin da ya sa yarinya take zuwa a makare bayan ta kai tallan koko, ya san yaron da ya fito makarantar allo tun asuba bai karya ba. Wanda ya ga wannan, in ya zo rubuta doka zai rubuta wadda za ta biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda yake so ya gyara rufin kuwa sai ya kwana ciki.

Na biyu, a haɗa kowane saurayi da dattijo. A nemi tsohon hedimasta mai mutunci, wanda ya san unguwa da masu unguwa, da limamai, da kwamitin iyaye masu kula da makaranta, a ce wannan shi ne ubangidanka cikin aikin nan. Saurayi ya zo da lissafi da kwamfuta, dattijo ya zo da sanin mutane. A birni irin Zariya, in kana so iyaye su bar 'ya'yansu mata su gama makaranta, takardar ofis ba ta isa ba, sai an je zaure an zauna an gaisa. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, a ba shi aiki guda sananne, da ikon yinsa. Kada a ajiye shi yana ɗaukar wa babba jaka yana rubuta masa jawabi, wannan ɓarnar yaro ce da ɓarnar kuɗi. Kada kuma a ce ya gyara kome da kome. A ce masa, kai naka shi ne rabon malamai, kai naka gyaran ɗakuna, ke naki lissafin yaran da suka daina zuwa. A rubuta yadda ya tarar da abin, a rubuta yadda ya bar shi, a karanta a gaban iyaye. In kuwa ya taɓa wani mai ƙarfi cikin gaskiya, manyansa su tsaya masa, gama yaro ba ya iya ture abin da babba ya jingina.

Na huɗu, shi ne mafi nauyi a wurina, a yi maganar zama. Shekara ɗaya ta isa mutum ya ga aiki, amma ba ta isa ya kafa shi ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya sai ya shekara shida kafin ya fita firamare, yaya za a auna aikin mai riƙonsa da wata 12? Wanda aka hora da dukiyar jama'a ya ɗauki alkawarin shekara uku ko fiye, kuma kafin ya tafi ya koya wa akawun ofis biyu duk abin da ya iya, ya bar littafin aikinsa a buɗe. Wannan ciwo na tafiya tsoho ne. Sardauna Ahmadu Bello shekara uku ya yi yana koyarwa a Midil ta Sakkwato, daga 1931 zuwa 1934, aka naɗa shi hakimin Raba. Malam Aminu Kano, wanda ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya bar koyarwa a 1950 ya shiga siyasa. Ƙasa ta amfana da su ƙwarai, ba mai musu. Amma kowane ɗayansu ya bar gurbi a makaranta, kuma tun daga lokacin muka saba da ɗaukar makaranta kamar zango, inda mai ƙwazo yake ya da buzu kafin ya wuce. In ba a sa albashi da daraja cikin aikin ilmi yadda mutum zai so ya tsufa a ciki ba, to za mu yi ta horon mutane muna miƙa wa waɗansu.

Akwai kuma abin da nake so masu zaɓe su tuna. In za a zaɓi waɗanda za a hora, kada a tsallake malaman da ke cikin aji yanzu. Cikin makarantun Zariya da Sabon Gari akwai samari da 'yan mata masu kaifin hankali, waɗanda sun riga sun cika sharaɗin farko, abin da ya rage musu horon lissafi da tsari kawai. A ware musu rabin guraben. Ta haka malami zai san alli ma hanya ce, zai kuma daina ganin ofis kamar gidan waɗansu.

Yanzu na komo gare ka, Malam mai takarda. Ka ce yaron da ka koya wa karatu zai zo ya zama shugabanka. To, in ya zo, wa ya yi shi? Ai kai ne. Manomi ba ya fushi don dawarsa ta fi shi tsawo. In ya gaishe ka da ladabi, ka karɓe shi, ka nuna masa inda ramuka suke, kada ka bar shi ya faɗa don ka yi dariya, gama in ya faɗa da yaranmu zai faɗa. In kuwa ya zo da girman kai, ka gaya masa gaskiya a keɓe, shi ma ɗalibinka ne har gobe. Amma kada mu ce don mun daɗe mun iya. Da dukanmu mun iya, da abin bai kai inda ya kai ba.

Ku kuma samari, ga wasiyyata. Sunan makarantar nan tamu ya ishe ku darasi. Alhudahuda tsuntsu ne ƙarami cikin rundunar Annabi Sulaimanu, alaihissalam, amma ya sami shiga gaban mai mulki don ya je ƙasar Saba ya gani da idonsa, ya komo da labari tabbatacce. Bai kuma tsaya nan ba, da aka ba shi wasiƙa ya koma ya kai. Ku je ku gani tukuna, ku faɗi abin da kuka gani ko da ba a so, sa'an nan ku tsaya a ƙare aikin da ku. In kun shiga makaranta ku fara gaida hedimasta, ku gaida maigadi, ku tambayi malamai abin da ya dame su kafin ku buɗe jakarku.

Ina roƙon malamai da akawunan ofisoshin ilmi na Kano da Katsina da Sakkwato, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, duk wanda ya taɓa aiki tare da irin waɗannan samari, ya rubuto wa Edita abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, domin mu ƙaru da juna. Wanda ya ga na kuskure kuma ya gyara mini, ba zan ji haushi ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya sa wa yaranmu albarka cikin karatunsu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu. Haza wasalam.

Naku,
Malamin Ƙofar Doka, Birnin Zariya.